Kafin a ce ma'aikaci bai iya kwamfuta ba, a zo a zauna kusa da shi ranar awo

Ranar Talata ake awo a ƙaramin asibitin garinmu a nan Jigawa, kuma duk wanda ya taɓa raka iyalinsa ya san yadda wurin yake cika tun kafin hantsi, mata daga ƙauyukan gefe wasu a kan mashin wasu a amalanke wasu da ƙafa, a shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiya. Kwanakin baya na raka mai ɗakina, ina zaune a waje ina jira sai ga yaro wai in zo in ji malamar awo. Da yake an san sana'ata gyaran waya da kwamfuta ce da cika wa mutane fom a intanet, na saba da irin wannan kiran. Na shiga na gaishe ta, babbar mace ce ta kusa haihuwata, ta miƙo min tabilet ɗin da aka raba musu ta ce "Malam don Allah duba min abin nan, sau uku ke nan ina cika sunan baiwar Allahn nan yana gogewa." Na karɓa na duba, ba abin da ya lalace. Gurbin ranar haihuwa ne. Matar ba ta san ranar da aka haife ta ba, iyakar abin da ta sani shekarunta za su kai ashirin da biyar, ita kuma manhajar ta kafe sai an sa rana da wata da shekara, in ba a sa ba aka danna adanawa sai wani ɗan jan rubutu ya fito can sama inda ido ba ya kaiwa, in ka koma baya don ka ga me ya faru shi ke nan duk abin da ka rubuta ya tafi.

Bayan kamar sati biyu wani jami'i ya zo duba aiki, na ji shi da kunnena yana cewa a gaban mutane wai matsalar ma'aikatan karkara ita ce ba su iya kwamfuta ba, sai an ƙara musu bita. Wallahi maganar ta yi min ciwo. Matar nan tana tura kuɗi ta waya, tana WhatsApp da 'ya'yanta da ke makaranta a Kano, tana kallon ƙafar mai ciki ta gane kumburin da ba na lafiya ba ne, shekara da shekaru tana cika rijista mai layuka barkatai ba a taɓa cewa ta kasa ba. In irin wannan ta kasa shigar da sunan mace ɗaya har sau uku, ai ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, wa ya gwada abin nan a hannun irinta kafin a raba musu shi?

Don kuwa ana gwadawa, kuma ana aunawa. Mutane da yawa sun ɗauka sauƙin aiki da manhaja abu ne na ra'ayi, wannan ya ce ta yi masa wancan ya ce ba ta yi masa ba, kamar zaɓen kalar shadda. Ba haka ba ne. Tun 1998 hukumar ISO mai tsara ma'aunan kaya ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba 9241-11, ta ce in za a yi maganar sauƙin amfani da abu to a duba ko mutum ya iya kammala aikin da ya sa a gaba daidai, a duba nawa ya ci masa na lokaci da wahala, sannan a duba ko ransa ya kwanta da abin. Amma wurin da na fi so a ƙa'idar shi ne sharaɗin da ta gindaya, cewa ana auna wannan ne ga wasu mutane takamaimai, masu wani aiki takamaimai, a yanayin da suke aikin. Wato babu wata manhaja da za a ce mai sauƙi ce haka kawai. Wadda take da sauƙi ga yaro ɗan jami'a a ofis mai esi a Abuja da intanet mai gudu, ba lallai ta zama mai sauƙi ba ga malamar awo da ke zaune a baranda, rana tana haska sikirin har ba a ganin rubutu, cajin ya kusa ƙarewa an ɗauke wuta tun jiya, sabis yana zuwa yana tafiya, jariri yana kuka, mata sittin suna jira kuma kowacce tana so ta koma gida ta ɗora girki.

Hanyar aunawa da ta fi kowacce inganci kuma ta fi araha ita ce ka je ka zauna kusa da mai aikin ka yi shiru ka kalla. Shi ke nan fa. Ka ba shi aiki na gaske irin wanda yake yi kullum, ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake ransa da baki yana yi, "yanzu ina neman inda zan sa sunan unguwa, ban gan shi ba, bari in taɓa nan", kai kuma kana rubuta inda ya tsaya, inda ya yi kuskure, inda ya koma baya, da minti nawa ya ɗauka. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jakob Nielsen, wanda ya daɗe a wannan fanni, ya nuna cewa in ka gwada da mutum biyar kacal za ka gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin, domin daga na uku na huɗu za ka ga abu ɗaya ne yake ta kayar da su. Sai dai biyar ɗin nan na kowane rukuni ne, mai ɗakin kati daban, mai ɗakin magani daban, malamar awo daban, tunda ba aiki ɗaya suke yi ba. Ko da haka ne ma, mutum goma sha biyar a asibitoci uku, kuɗin man mota da na abinci ne, bai kai kuɗin hayar zauren otal na bita ta kwana ɗaya ba.

Abu biyu ne suke ɓata wannan gwaji a wurinmu, kuma duk na gani da idona. Na farko mai gwajin ba ya iya haƙuri, da ya ga mutum ya rikice sai ya miƙa hannu ya ce "a'a nan za ki danna", to ai ka kashe gwajin, domin ranar da take ita kaɗai babu mai miƙo hannu. Na biyu aikin da ake bayarwa na ƙarya ne, an share masa hanya. A ce shigar da Aisha Muhammad, an haife ta ranar kaza, lambar wayarta kaza. Wa yake zuwa asibitin ƙauye da wannan a shirye? Aikin gwaji na gaskiya shi ne a ce ga wata mata ta zo, ta manta katinta a gida, ba ta san shekarunta ba, ba ta da waya sai ta mijinta kuma an riga an yi wa kishiyarta rijista da lambar, sunan da ake kiranta da shi a gida daban da wanda aka rubuta mata wancan zuwan, kuma in aka tambaye ta sunan maigidan sai ta sunkuyar da kai don ba ta faɗin sunansa, sai wata a gefe ta faɗa. A garin akwai masu irin sunanta sun fi goma. An rubuta sunan mahaifinta Muhammad wancan karon, yau wani ya rubuta Mohammed, gobe wani zai rubuta Muhammadu ko Mamman, an rubuta Ɗanladi da ƙugiya a wani wuri wani wurin babu, manhajar kuma tana ɗaukarsu mutane daban daban. Adireshi kuma "bayan masallacin Juma'a" ne, babu lambar gida babu sunan titi. In manhaja ta haye wannan, to ta haye. In ba ta haye ba, ba don mu aka yi ta ba ko da kuwa tutar Najeriya ce a fuskarta.

Maganar lokaci kuma mutane suna raina ta saboda a kan mutum ɗaya ba ta da yawa. Mu ƙaddara rubuta mace ɗaya a rijistar takarda minti biyu ne, a tabilet kuma minti shida. Bambancin minti huɗu ne, wanda ya zo daga birni zai ce ai ba komai. Amma a ninka da mata sittin, minti 240 ke nan, awa huɗu cur aka ƙara wa ranar, kuma awa huɗun nan daga wani wuri za a cire su, ko dai daga lokacin da za a tsaya a saurari mai ciki a auna jininta da kyau, ko daga lokacin malamar na komawa gida. Akwai ma wani ma'auni da masana suka daɗe da sani game da jira: in ka taɓa abu ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan za ka ji kamar nan take ne, in ya kai sakan ɗaya tunaninka bai katse ba tukuna, amma in ya wuce sakan goma hankalinka ya bar wurin. Yanzu a tuna da ɗan da'irar nan da ke juyawa a sikirin minti ɗaya minti biyu saboda manhajar ba ta motsi sai da intanet. Shi ya sa a karkara tambayar ko manhaja tana aiki babu sabis, ta ajiye bayanan a cikinta ta tura daga baya, tana cikin tambayoyin farko. Kuma ba sabon abu ba ne, masu aikin rigakafin shan inna a Kano da Jigawa sun yi shekaru suna cika fom a waya da manhajar ODK a ƙauyukan da babu sabis, sai sun fito gari bayanan su tafi.

Sai kuma hanyar tambayoyi, wadda ita ce masu kawo kayan suka fi so don tana ba da lamba da za a sa a rahoto. Wadda ta fi shahara ana ce mata SUS, wani Bature John Brooke ne ya tsara ta a 1986 lokacin yana aiki da kamfanin kwamfuta na Digital Equipment a Ingila. Jimloli goma ne, mutum ya zaɓi daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ya yarda da kowacce, irin su "ina ganin zan so in riƙa amfani da wannan abin a kai a kai" ko "ina ganin sai da taimakon masani zan iya aiki da shi". An jera su ne ɗaya yabo ɗaya suka, don kada mutum ya bi layi yana zaɓar abu ɗaya ido rufe. A daidaita makin kowace jimla ya koma tsakanin 0 da 4, sannan a haɗa a ninka da 2.5 ya ba da lamba tsakanin 0 da 100, kuma binciken da aka yi a kan ɗaruruwan gwaje-gwaje ya nuna matsakaicin maki wajen 68 ne, wato manhajar da ta samu 60 ba ta ci ba, tana ƙasa da tsaka-tsaki, kada a ɗauka kamar sakamakon jarrabawa ne.

Ma'auni ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma a yadda ake raba shi a nan, ƙarya yake faɗa. A tara ma'aikata a bita kwana uku, a ciyar da su, ranar ƙarshe kafin a biya alawus a miƙa musu takarda ga oga yana tsaye, sunan kowa a sama, a ce su faɗi ra'ayinsu. Me ake tsammani? Mu mutane ne masu kara. Bahaushe ko zazzaɓi yake ka tambaye shi ya jiki zai ce da sauƙi, ka ba shi abu ko bai yi masa ba zai ce an gode Allah ya saka da alheri, balle ƙaramin ma'aikaci da yake tsoron kada a ce shi ne bai waye ba a mayar da shi wani lungu. Kuma jimlolin sukar nan in aka fassara su da gaggawa suna rikita mutane, mutum ya zaɓi 5 yana nufin yabo alhali ya soki abin ne. In ana son takardar nan ta faɗi gaskiya sai a bari mutum ya yi wata guda yana aiki da abin a wurin aikinsa, a cire suna, wanda zai karɓa kada ya zama ogansa kuma kada ya zama wanda ya kawo kayan, in mata ne a samu mace ta zauna da su. Kuma kafin komai a faɗa masa a fili, "Baba ba kai muke gwadawa ba, na'urar muke gwadawa, in ka rikice laifinta ne kuma abin da muka zo nema ke nan." Na ga yadda fuskar dattijo take sakewa in ya ji wannan maganar.

Ni dai in na shiga ofis ko asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma, tun kafin in tambayi kowa akwai alamomin da nake dubawa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo kuma za ka ga inda ya tara kwano. In ka ga littafi a buɗe kusa da kwamfuta ana rubuta abu a ciki kafin a shigar, to ba a yarda da kwamfutar ba ko kuma ta cika jinkiri. In ka ga an manna takarda a bango da lambar sirri, kowa da ita yake shiga, to tsarin shigar ya fi ƙarfinsu, watakila yana neman a canza lambar duk wata da babban baƙi da ƙaramin baƙi da alama, ko yana fitar da mutum in ya tashi yin sallah ya dawo ya tarar aikin rabin awa ya tafi. In ka ji akwai wani yaro guda, sau da yawa ma ɗan sa-kai ne ko mai bautar ƙasa, wanda in bai zo ba ranar ba a taɓa na'urar, to ofishin bai karɓi abin ba, mutum ɗaya ne ya karɓa kuma ranar da ya tafi an koma gidan jiya. In ka buɗe bayanan ka ga rabin garin an haife su ranar 1 ga Janairu, lambar waya kuma sifili sifili ne ko lambar ma'aikacin ce aka maimaita sau ɗari, wannan ba ha'inci ba ne, gurbi ne aka ce dole a cika alhali babu abin cikawa, mutum ya nemi hanyar wucewa don layi ya ragu.

Kuma a nan ne abin ya wuce maganar jin daɗin ma'aikaci. Alƙaluman da ƙananan asibitoci suke tarawa duk wata suna shiga babban rumbun bayanan lafiya na ƙasa da ke kan manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙirƙira kuma ƙasashe da dama suke amfani da ita. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafin allurar rigakafi nawa za a kai wuri, gidan sauro nawa, maganin zazzaɓi nawa. In wurin shigar da bayanan yana da wahala har ta kai ana tara aikin wata guda a zauna dare ɗaya a cika shi da gajiya, abin da zai hau sama gurɓatacce ne, kuma a kansa za a yanke hukunci a Dutse ko Abuja.

Saƙon kuskure shi ma abin aunawa ne, ni a ganina ma ya fi kyan fuskar manhaja muhimmanci nesa ba kusa ba. In abu ya ƙi, me na'urar take cewa? Ta faɗa maka abin da ya faru da abin da za ka yi, ko lamba kawai ta watso maka? Akwai wani abin takaici da ya faru a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987 da wata na'urar gasa cutar daji mai suna Therac-25, inda sau shida ta zuba wa marasa lafiya haske mai ƙarfin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa, wasu suka mutu. Asalin matsalar kuskure ne a cikin manhajar, amma abin da ya ƙara ta'azzara shi, na'urar ta saba tsayawa tana fito da kalmar tangarɗa da wata lamba ba tare da bayani ba, a wani asibiti a jihar Texas lamba 54 ta nuna, masu aikin kuma sun saba ganin irin wannan kullum har ya zama suna danna maɓallin ci gaba kawai. Duk lokacin da na ga ma'aikaci a nan yana danna OK OK bai karanta ba sai in tuna da wannan. Ba sakaci ba ne, na'urar ce ta koya masa cewa gargaɗinta ba shi da ma'ana, ranar da gargaɗin gaske zai zo shi ma haka za a wuce shi.

Akwai kuma na Birtaniya, inda tsakanin 1999 da 2015 aka gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko ƙarya a lissafi, saboda manhajar lissafin da aka ba su mai suna Horizon tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. Mutanen sun yi ta cewa na'urar ce, aka ce na'ura ba ta kuskure, wasu aka ɗaure su wasu suka sayar da abin da suka mallaka suka biya. Wannan ya shafi duk wani kashiya ko mai karɓar haraji a kasuwa ko mai sito da aka ba shi na'ura. Yana iya ganin yadda aka yi lissafin ya kai haka? In ya yi kuskure yana iya gyarawa, ko sai an cire a albashinsa? In ya kai ƙorafi akwai mai rubutawa ya bincika? Duk wannan yana cikin sauƙin amfani, ko da yake ba a fuskar sikirin yake ba.

To me ya sa kayan wurin aiki suka fi wahala alhali na kasuwa suna da sauƙi? A duba masu POS. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 yara da yawa a ƙauyukanmu da ba su gama sakandare ba suka rungumi sana'ar, cikin kwana biyu sun iya, je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga yadda ake cinikin dabbobi na miliyoyi ta waya. Dalili shi ne kamfanin da ya yi na'urar ya san in ta yi wahala yaron zai ajiye ta ya ɗauki ta wani kamfanin. A wurin aiki kuwa wanda ya saya daban, wanda zai yi aiki da ita daban. Mai saye yana ganinta ne a allon majigi an nuna masa zane-zanen rahoto masu kyau, wanda shi ne abin da shi yake buƙata, ita kuwa mai shigar da bayanan ba a gayyace ta zaman ba kuma ba ta da ikon cewa ba ta so. Kwangilar ma in ka duba abin da ake ƙirgawa shi ne an kawo na'ura kaza an horar da mutum kaza, ba a cewa sai mutum takwas cikin goma sun iya yi wa mai ciki rijista cikin minti uku babu taimako kafin a biya kuɗi. Sayen kifi a ruwa ke nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, gwajin nan kafin a sa hannu ya kamata a yi shi lokacin da mai kayan yake da dalilin gyarawa.

Ana iya yin daidai in an so. Hukumar JAMB da ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, an ga yadda yaran karkara da ba su taɓa riƙe maus ba suke shan wahala, daga baya sai ta kawo tsarin maɓallai takwas, A B C D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, da sauran na miƙa aiki da fasawa. Ba a jira sai duk yaran Najeriya sun iya maus ba, an gyara abin ya dace da hannun da zai taɓa shi. Na ga yara a shagona da cikin minti goma suka gane.

Ba ina cewa kullum na'ura ce mai laifi ba. Akwai wanda da gaske horo yake buƙata, akwai wahalar da dole ce kamar tambayar "ka tabbata?" kafin a goge bayanan mara lafiya ko a fitar da kuɗi, akwai kuma wanda yake ƙin na'urar don ta toshe masa wata kafa, kamar na'urar ɗaukar yatsa da ke nuna wanda bai zo aiki ba. Amma gwajin ne yake rabe su. In mutum biyar daban daban suka faɗi a wuri ɗaya, ramin a wurin yake. In mutum ɗaya ne yake faɗuwa ko'ina sauran suna wucewa, shi a koya masa. In kuma kowa ya iya a gwaji amma a wurin aiki ba a yi, to a nemi dalilin a wani wuri, ko aiki ya yi yawa, ko babu caji, ko ana sa su cika takarda da na'ura duka biyu, ko kuma akwai abin da ba a so a gani. Ita ma na'urar yatsan sai an gwada ta a yatsun manomi da kaftu ya cinye zanensu da na mace mai lalle da lokacin hunturu da fata take bushewa, kafin a ce wanda ta ƙi ɗauka ƙarya yake.

Haka maganar fassara zuwa Hausa, wadda mutane suke ɗauka ita ce maganin komai. Ina son a fassara, sosai ma. Amma malamar asibiti da ta yi karatunta da Turanci ta saba da BP da ANC, wato awon jini da awon ciki, in ka canza mata su da wata doguwar Hausar da ba a faɗa a asibiti ka ƙara mata aiki ne. Wani dattijon kuma ajami ya fi masa boko sauƙi, wani hoto ko murya yake so. Ba a sanin wanne ya dace sai an kai musu sun taɓa.

Wata Talatar bayan haka na nemi izinin incaj, wato shugaban asibitin garinmu, na koma, na zauna a gefen malamar awon nan da agogo da ɗan littafi tun safe har azahar ban ce mata komai ba. Wurare huɗu na ga tana tsayawa kusan kowane lokaci: ranar haihuwa, lambar waya da ba ta karɓar wadda aka taɓa sawa, jerin sunayen ƙauyuka da babu rugagen Fulanin da ke gabas da mu a ciki, da maɓallin komawa baya da ke goge komai. Na rubuta su a takarda ɗaya da bayanin abin da ya faru a kowanne, na ba incaj ya ce zai miƙa in an je taron wata. Da zan tafi ta ce "Malam ka ga da za su bar ni in sa shekaru kawai, rabin wahalar ta tafi." Har yanzu dai a rijista take rubutawa da safe, in ta sallami mata ta yi la'asar sai ta ɗauki tabilet ɗin ta tafi bakin titi wajen mai caji inda sabis ya fi ƙarfi, ta zauna ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya.